Kyamarar da ke tsakar gidana, wa ke riƙe da makullinta?

Ɗan Ƙofar Rini:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na kwana biyu ina juya wagga magana a zuci kafin in kawo ta nan, ku yi haƙuri da tsawon rubutu.

Bara bayan ƙaramar Sallah ɓarayi sunka haura gidan maƙwabcina, sunka ɗauke mashin da janareto. Hankalina ya tashi, na shiga kasuwa na sayo kyamara ukku, irin mai kama da ƙwan lantarki wadda ake murɗawa a mazaunin ƙwai. Ɗaya a shago, ɗaya a ƙofar gida tana kallon titi, ta ukkun a tsakar gida saman ƙofar madafa, don in riƙa ganin katangar baya. Mai kayan ya haɗa ni da wani yaro da ke sa musu. Yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni. Cikin awa guda ya gama, ya karɓi wayata ya sa man manhajar, sai ga gidana a tafin hannuna. Na biya shi na sa mai albarka.

Ranar Talata da azahar, kun san zafin da anka yi, uwargida tana tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana yi wa autarmu wanka a baho. Sai ta ji wata 'yar ƙara siririya. Ta ɗaga kai, ta ga kan kyamarar ya baro katanga yana juyowa a hankali, har ya tsaya daidai inda take. Ta ɗauka ni ne. Da na dawo ta ce, Alhaji, mi ya sa kake juyo abin nan kaina ina cikin aiki? Wallahi a wannan lokacin wayata tana wurin mai caji a kashe.

Na cire ƙwan na naɗe shi a tsumma. Tambayata biyu ce: abin nan yana juyawa da kansa, ko wani na kallon iyalina? In wani ne, ina zan kai ƙara?

Maman 'Yan Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji jikina ya yi sanyi. Irinta sak ce a falonmu.

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Kawu. Kada a ɗauki alhakin yaro tukuna sai an tabbatar. Wasu kyamarorin suna da tsarin bin motsi, in mutum ya gitta kan yana bin sa ba tare da kowa ya taɓa ba. Mayar da ita, ka buɗe manhajar, ka shiga saiti ka ga ko an kunna shi.

Na biyu, wanda ya fi wancan nauyi: duba ko kai ne mai kyamarar a cikin manhajar, ko raba maka kallo aka yi. Kyamarar nan ba da wayarka take magana kai tsaye ba. Tana samun waifai sai ta nemi rumbun kamfanin da ya ƙera ta a ƙasar waje ta yi rajista. Asusun da ya fara ɗaukar hoton lambar da ke jikinta, shi ne ubangidanta. Shi ke ƙara mutum, shi ke cire mutum, yana juya kanta, yana jin abin da makirfo ya ɗauka, yana duba abin da aka naɗa a memori. Da yawa cikin masu sawa da nasu asusun suke ɗaure ta don sauri, sannan su raba wa mai gida. Wasu ba da mugun nufi ba ne, don in ta ba da matsala su duba daga inda suke ba sai sun zo ba. Amma ko da wace niyya aka yi, makullin yana hannunsu.

Ɗan Ƙofar Rini:
Na duba, ɗana. Bin motsi a kashe yake. Kuma akwai wata lambar waya a saman tawa, na gwada ta da wadda ke cikin wayata, ta yaron ce. Duk ukkun haka suke. Wata goma sha ɗaya ke nan.

Gidan da anka haife ni, sai ka wuce zaure biyu da shigifa kafin ka ga tsakar gida, kuma ƙofofin ba su kallon juna, don ko iska ta ɗaga labule wanda ke waje bai ga kowa ba. Abokin mahaifina na shekara arba'in bai taɓa wuce zauren farko ba. Ni kuma da kuɗina na sayo ido na liƙa saman madafa.

Almajirin Malam:
Allah ya sanyaya maka, Alhaji. Kai tsaro ka nema wa iyalinka, kuma neman tsaro ba laifi ba ne. Wanda aka ba amana ya leƙa, shi ke da abin amsawa. A Suratul Hujurat aya ta 12 an hana mu bin diddigin sirrin juna. A Suratun Nur aya ta 27 an hana shiga gidan da ba naka ba sai da izini da sallama. Aya ta 58 ma ta kawo lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake rage tufafi, da bayan isha'i. Ku duba, da azahar abin nan ya faru. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wata kafa, aka bayyana masa cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ke nan ba sai ƙafa ta taka gida ba. Ido in ya shiga, mutum ya shiga.

Ɗan Gobir:
Ina taya ka baƙin ciki Alhaji, amma ina tsoron kada wagga magana ta sa mutane su tsani kyamara gaba ɗaya. Ku da ke cikin birni kuna maganar sutura, mu na gabas muna maganar rai. Duk wanda ke da dangi a Isa ko Sabon Birni ko Goronyo ya san abin da nike faɗi. A watan Satumba na 2021 sai da anka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan ta Sakkwato saboda 'yan bindiga, munka koma sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar uwarsa. Wanda ya ga wannan ba za ka ce masa ya cire kyamara daga ƙofarsa ba. Ni da kaina kyamarar wani mai shago ce ta nuna mana fuskar wanda ya tafi da mashin ɗin ƙanena.

Mai Gyaran Waya:
Yaya, maganarka ce ma ta fi ba ni tsoro. Me ya fi addabar mutanen gabas in ba masu kai rahoto ba? To ka ɗauki wayar da ke nuna ƙofar gidan ɗan kasuwa dare da rana: yaushe yake fita masallaci, yaushe mota ke shiga, yara nawa ke tafiya Islamiyya, wace rana gidan babu namiji. In wannan wayar ta faɗa hannun da bai dace ba, ko an sace ta ko an sayar da ita ba a goge ba, ai an gama yi wa infoma aikinsa. Ba cewa na yi a cire ba. Cewa na yi mai gida ya san su waye ke gani.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri maza, akwai abin da har yanzu ba wanda ya taɓo. Duk kuna maganar yaron da ya sa kyamara. To mu da muke wuni a gabanta, wa ya tambaye mu? Ranar da aka kawo tamu, ina madafa aka kira ni na kawo kujerar da za a taka. Shi ke nan shawarar da aka yi da ni. Tun daga ranar ban ƙara zama a falona ba ɗankwali ba. In ƙawata ta zo muna son magana, ɗaki muke shigewa mu rufe ƙofa. Mahaifiyata ta zo daga Gwadabawa ta kwana uku, sai rana ta biyu ta gane mene ne abin, ta ce da ni, 'yar nan, a nan nake sallah, a nan nake kishingiɗa, ba ki faɗa mini ba? Ban sami abin ce mata ba.

Ga kuma yarinyar da ke taya ni aiki, 'yar mutane ce, iyayenta amana suka ba mu. Ita ma ba wanda ya gaya mata ana naɗar ta.

Magidanci Daga Mabera:
Hajiya, da girmamawa, gidan mutum gidansa ne. Ni ina tafiya Legas in yi sati biyu. In na sa kyamara don in ga lafiyar 'ya'yana, wa na zalunta? Matata ce, ba baƙuwa ba. Mace in ba ta da abin ɓoyewa, me zai dame ta?

Maman 'Yan Biyu:
Malam, mai shiga makewayi ya ja ƙofa ba laifi yake ɓoyewa ba. Kunya ce, kuma da ita aka san mu. Sannan ka tabbata kai kaɗai ke gani? Alhaji ma haka ya ɗauka har wata goma sha ɗaya.

Almajirin Malam:
Malam na Mabera, ayar da ta hana bin diddigi ba ta cire miji ba. Akwai ma hadisi a Sahihu Muslim da ya hana mutum ya faɗo wa iyalinsa da dare ba zato don neman kama su da kuskure. In don yara ne, a zauna da uwarsu a yi shawara, a sa a inda ta yarda, ita ma a ba ta ikon gani da ikon kashewa. Gidan da ke da mata biyu kuwa sai an ƙara taka-tsantsan, don abin da aka naɗa a ɗakin wannan in ya kai kunnen waccan, wutar da za ta tashi ba kyamara ce za ta kashe ta ba.

Magidanci Daga Mabera:
Na ji, Malam. Ban gamsu da duka ba, amma maganar a ba ta ikon kashewa zan duba.

Ɗalibar Kwamfuta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina so in ƙara cewa ko da mai sawa ya riƙe amana, saura ƙofa biyu: kamfanin da ya ƙera, da masu kutse.

A watan Mayun 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa kamfanin kyamarorin Ring ya biya dala miliyan 5.8. Cikin abin da ta zarge shi da shi akwai cewa wani ma'aikacinsa ya yi watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyon mata da aka ɗauka a ɗakunan kwana da banɗakuna. A rana guda kuma Amazon ya amince zai biya dala miliyan 25 saboda ajiye muryoyin yara da na'urarsa ta Alexa, mai karɓar umarni da murya, ta naɗa. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu ofis da lauyoyi, ana iya kai su kotu. Ƙwan da Baba ya saya, sau da yawa ko sunan wanda ya ƙera babu a kwalin.

Masu kutse kuwa ba wani tsafi suke yi ba. Na'urori da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, kamar admin ko 12345, mai saye kuma bai canza ba. A 2014 an gano wani shafin intanet da ke nuna kyamarori sama da 70,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, har da na ɗakunan jarirai, duk ta wannan hanyar. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai, da jerin kalmomin sirri kusan 60 kacal, ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin waifai, aka haɗa su aka kai harin da ya hana mutane da dama shiga Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin ba su ma san da kayansu aka yi aikin ba.

Kuma ba kyamara kaɗai ba. A 2017 an ci kamfanin talabijin na Vizio tarar dala miliyan 2.2 saboda talabijin miliyan 11 da ke tattara abin da mutane ke kallo daƙiƙa bayan daƙiƙa ba da saninsu ba. A shekarar ce Jamus ta haramta wata 'yar tsana mai makirfo da ke haɗuwa da intanet, daga baya ta haramta agogon yara da ke ba wani damar sauraren abin da ake faɗa kusa da yaro. Irin agogon nan yanzu har tsaraba ake kawo wa yara.

Direban Hanyar Illela:
Tunda an zo nan bari in faɗi tawa. Motar da nake ja ta biya-sannu ce, mai ita ya sa mata tiraka, na'urar nan mai nuna inda mota take, kuma ya faɗa mini tun farko, ban ƙi ba, dukiyarsa ce. Abin da bai faɗa mini ba shi ne tana da kunne. Wata rana mun taso daga Illela, ni da yaron mota muna hira a kan kuɗin da ake cire mini, na ce abin ya yi yawa. Da na kai balas da dare sai ya maimaita mini maganata kalma da kalma. To ni na haƙura, amma fasinjojin fa? Mata na hirar gidajensu, 'yan kasuwa na faɗar nawa suka ɗauko. Su wa ya nemi yardarsu?

Mai Gyaran Waya:
Gaskiya ne Oga Direba, yawancin ƙananan tirakar nan layin waya ne a ciki. Ana aika mata saƙo ta faɗi inda take, wasu ana kiran su a ji abin da ake cewa, wasu an haɗa su da hanyar mai ana iya kashe mota daga nesa. Lambar sirrin da suke zuwa da ita kuwa sau da yawa 123456 ce. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya ba da rahoton tiraka kusan 600,000 da ke aiki da wannan lambar. In mai motarka bai canza ba, duk wanda ya san lambar layin da ke ciki zai iya yin abin da shi yake yi. Ka gaya masa wannan, ko don motarsa zai saurare ka. Masu kabu-kabu da Keke Napep da ke zauren nan, ku ma ku tambaya.

Lauyan Zaure:
Alhaji, na ga tambayarka ta biyu ba a amsa ba, wato ina za a kai ƙara.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da hirarsu ta waya. A kan wannan aka gina Dokar Kare Bayanai ta Najeriya wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, ita ce ta kafa hukumar kare bayanan jama'a, NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ta fitar a 2019. Hoton mutum da muryarsa da inda yake duk bayanansa ne a idon dokar. Wanda zai tattara su dole ya kasance da hujjar da doka ta yarda da ita, kuma kana da haƙƙin ka san abin da aka riƙe naka, ka nemi a goge, ka janye yardarka, ka kai koke gaban hukumar. Kamfanin da aka yi wa kutsen da zai iya cutar da mutane dole ya sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Tara ga manyan masu riƙe bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga ƙanana kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar ta hau har kan kamfanin da ba ya Najeriya matuƙar bayanan mutanen da ke Najeriya yake sarrafawa.

Malam na Mabera, akwai abin da ya shafe ka. Dokar ta ɗaga ƙafa ga abin da mutum ya yi don amfanin kansa ko na gidansa kawai, amma da sharaɗin kada ya keta haƙƙin sirrin wani. Mai aiki da baƙo da maƙwabcin da kyamararka ta leƙa tsakar gidansa ta saman katanga duk suna da wannan haƙƙin. Yaron da ya sa wa Alhaji kuwa ba ya cikin wannan sassaucin ko kaɗan, sana'a ya yi aka biya shi.

Shawarata Alhaji: kafin ka goge komai, ɗauki hoton fuskar wayar inda lambarsa ta fito, ka ajiye rasit in akwai. Daga nan kana da zaɓi, ko sulhu ta hannun ubangidansa, ko koke ga hukumar, ko 'yan sanda, tunda akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024.

Ɗan Gobir:
Barista, doka a takarda daban, doka a Tsohuwar Kasuwa daban. Tsohuwar da ke Rabah ta ina za ta san akwai wata hukuma a Abuja? Kuma ni tsorona ɗaya, duk sanda anka ce za a tsara abu, talaka ke biya. Gobe a ce sai ka yi rajistar kyamararka, ka kawo lambar NIN, ka biya kuɗi. Mun ga layin da munka bi lokacin haɗa NIN da layukan waya tun daga ƙarshen 2020. In anka tara sunayen duk masu kyamara wuri guda, wa zai tsare wannan rumbun?

Lauyan Zaure:
Wannan tsoron yana da tushe, kuma ni ma ba zan goyi bayan a yi wa masu saye rajista ba. Nauyin kamata ya yi ya hau kan mai ƙerawa da mai shigowa da kaya. Dokar 2023 magana take a kan bayanai da wanda ya riƙe su, ba ita ke faɗin yadda za a ƙera na'ura ba, kuma a nan ramin yake.

Dubi abin da Birtaniya ta yi. Daga 29 ga Afrilun 2024, duk na'urar gida mai haɗuwa da intanet da za a sayar a can sai ta cika sharuɗɗa uku: ba za ta zo da kalmar sirri ta bai-ɗaya mai sauƙin cinta ba, kamfanin zai bayyana inda za a kai masa rahoto in an ga ɓaraka, kuma zai faɗa wa mai saye tsawon lokacin da zai ci gaba da aiko gyaran tsaro. Tarar tana kaiwa fam miliyan 10 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfanin a duniya. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiki da irin sharaɗin kalmar sirrin tun Janairun 2020. Tarayyar Turai ma dokarta ta fara a Disambar 2024, manyan sharuɗɗanta za su hau kan kamfanoni a Disambar 2027. Ba a ce wa mai saye ya je ko'ina ba.

Abin da ke damuna shi ne, kayan da aka hana shiga waɗancan kasuwannin ba zubar da su za a yi ba, kasuwar da ba ta tambaya za a nema musu. Muna da NCC mai tantance na'urorin sadarwa, muna da SON mai duba ingancin kayan da ake shigowa da su. A bakin tashar jiragen ruwa ya kamata a yi wannan tambayar, tun kwantena ba ta kama hanyar Arewa ba. Kuma kada a ce ba a iya taɓa manya: a Yulin 2024 hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp tarar dala miliyan 220 a kan yadda ya yi da bayanan 'yan Najeriya.

Mai Gyaran Waya:
Barista, kafin Abuja ta motsa mu ma akwai namu. Mu masu wannan sana'a muna da shugabanni a kasuwa. Abin da nake yi a shagona, kuma ina roƙon abokan aiki su yi: da wayar mai gida da lambarsa ake buɗe asusu, shi zai rubuta kalmar sirri da hannunsa ni ina kallon gefe, in na gama in nuna masa jerin masu gani ya tabbatar shi kaɗai ne. Minti goma ne ƙari. Kuma ba na sa kyamara a tsakar gida ko falo sai na ji daga bakin matar gidan, ko da daga bayan labule ne. Na rasa aiki biyu a kan haka.

Kawu, kula da wannan: canza lambar waifai ba ya fitar da shi, ranar da ka sake haɗa ta zai dawo yana gani. A wasu nau'o'in ma ko ka danna maɓallin mayar da ita sabuwa, tana nan ɗaure da asusunsa har sai shi ya cire ta da kansa. Don haka a gabanka zai yi. Memorin kuma ka cire ka riƙe.

Ɗan Ƙofar Rini:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Ga yadda munka yi.

Bayan la'asar na tafi da ƙanena wurin ubangidan yaron, anka kira shi. Na nuna hoton da Barista ya ce in ɗauka. Ya yi shiru, sannan ya rantse bai taɓa buɗe ta tsakar gida ba, ya ce wayar takan kwana hannun abokansa, kuma ƙanensa na wasa da ita. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙarya, ban ji sauƙi ba, don in gaskiya ce to ban ma san ko su waye sunka gani ba. Na ce ya buɗe manhajar a gabanmu. Jama'a, gidaje da shaguna ne jere, na ƙirga har na wuce ashirin na bari. Akwai falo, akwai wani wuri mai kama da ɗakin karatun yara. Ubangidan nasa da ya gani sai da ya cire hula ya riƙe kai.

Ya cire nawa ukku ina kallo, mun duba hotunan wayar ba mu ga na gidana ba. Ban kai shi ga hukuma ba, amma na kafa sharaɗi: duk mai gidan da ke cikin wayar nan a kira shi a faɗa masa gaskiya, a mayar masa da makullinsa. Ubangidan ya ɗauki alkawari gaban shaidu, kuma ranar Litinin zan koma in ga inda anka kwana. In ba a yi ba, Barista zan neme ka.

Ta ƙofar gida da ta shago na mayar, da lambata. Ta tsakar gida na tambayi uwargida, ta ce ba ta son ta ƙara ganinta. Tana cikin tsummanta.

Maman 'Yan Biyu:
Alhaji Allah ya ƙara sutura. Na nuna wa maigidan duk abin da aka rubuta a nan, ya karanta har ƙarshe bai ce komai ba, da safe ya ce a nemo wanda zai duba tamu. Sai dai ya yi tafiya yau, ni kuma ba zan shigo da namiji ciki ba ya nan. Akwai mace a zauren nan da ta iya wannan aikin?

Ɗalibar Kwamfuta:
Mama, zan zo in sha Allahu. Ranar Asabar ba ni da darasi, bayan azahar ya yi miki? Ki ce wa Baba ya turo miki sunan manhajar, kuma ya bar wayarsa a kunne, don za a aika masa lambar tabbatarwa sai ya karanto mana. In kwalin yana nan ki ajiye mini shi. Kafin Asabar ki zare ta daga wuta.